Tambaya da Amsa: An Ce In Biya A Ba Ni Tambayoyin Jarrabawar Neman Aiki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Aboabo, nan Kumasi. Na gama jami'a, na yi hidimar ƙasa, yanzu kuma wani banki ya gayyace ni jarrabawar gwajin basira da za a yi ta intanet nan da mako uku. Na taɓa zama irinta, har yau ban ji sakamako ba. Wani mutum a zauren WhatsApp na unguwarmu ya ce in tura masa sidi 3,000 ta momo, wato tura kuɗi ta waya, zai ba ni ainihin tambayoyin, ko ya sa wani ya zauna a madadina. Abokaina sun ce kowa haka yake yi, mai karatu ɓata lokacinsa kawai yake. Mahaifiyata har ta ce za ta ɗauki adashinta ta ba ni, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Sannan bitar tsofaffin tambayoyi ita ma ha'inci ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada adashin mahaifiyarka ya bar hannunta saboda wannan mutum, ko sidi ɗaya.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce mai sauƙi. Bitar tambayoyin gwaji halal ce, kuma masu shirya irin wannan jarrabawa, kamar kamfanin SHL, da kansu suke ajiye samfurin tambayoyi a shafinsu domin mai nema ya saba da su. Ha'inci yana farawa ne daga lokacin da sakamakon da ya fito da sunanka ya zama ba aikin ƙwaƙwalwarka ba ne, ko don an sato maka takarda, ko don wani ya zauna maka, ko don kana tura wa manhajar waya hoton tambaya tana ba ka amsa. Ka san hadisin da Imam Muslim ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abincin wani ɗan kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, ya ce wanda ya yi ha'inci ba ya tare da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar abokanka, domin ita nake ji kullum daga bakin matasanmu na zango, daga Aboabo har Asawase: wai ba a cin jarrabawar aiki sai da hanya, wai an riga an raba guraben, wai akwai wani na ciki mai riƙe da takardar. Wannan magana ta cinye kuɗin iyaye mata masu sayar da koko da wake da shinkafa fiye da yadda ake zato, kuma mafi muni, ta sa yara masu basira sun ajiye littafi tun kafin a gwada su.

Ka fahimci yadda abin yake tafiya. A yawancin jarrabawar da ake yi ta kwamfuta babu wata takarda guda da za a sato. Akwai rumbun tambayoyi mai yawa, na'ura ce take zaɓo wa kowa nasa, tana kuma sauya jerin amsoshin. A wasu tsare-tsaren ma amsar da ka bayar ita take yanke irin tambayar da za ta biyo baya. To me mutumin nan yake sayarwa? Galibi samfurin nan ne na kyauta ya kwaso daga intanet, ya liƙa masa tambarin banki. Idan ka ci da ƙoƙarinka ya ce aikinsa ne, ya nuna sunanka ga na bayanka. Idan ka faɗi ya ce an sauya takarda a daren jarrabawa, ko kuwa ka kira lambarsa ka ji ta a kashe. Ya kuma san ba za ka kai ƙara ba, tunda da bakinka za ka faɗa wa 'yan sanda abin da ka je saye.

Sa wani ya zauna maka ya fi wannan haɗari. Ma'aikatu da yawa suna buƙatar kyamara a kunne, suna neman ka nuna Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, kuma manhajar tana lura da duk lokacin da ka fita daga shafin. Ko an tsallake wannan, sau da yawa ana kiran waɗanda suka ci su sake ɗan gajeren gwaji a ofis, a gaban mai sa ido. A nan asiri yake tonuwa: wanda ya zo da maki mai kyau daga gida sai ga shi ya ƙura wa jadawali ido, biro na rawa a hannunsa, har lokaci ya ƙare. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayan kunya akwai doka, domin samun abu ta hanyar yaudara laifi ne a sashe na 131 na Dokar Laifuka ta Ghana ta 1960, kuma aikin da aka samu da bayanin ƙarya ana iya ƙwace shi ko bayan shekaru.

Ba zan rufe maka cewa akwai son kai a ɗaukar aiki a ƙasar nan ba. Akwai shi, kuma zalunci ne. Ma'aikatun da suke tara dubban matasa su gwada su sannan su yi gum, ba sakamako ba bayani, su ma suna da nasu alhakin, domin shirunsu ne yake ciyar da jita-jita. Amma wanda yake da ikon sa mutum a aiki da gaske ba ya tallar kansa a zauren unguwa a kan sidi 3,000. Rundunar sojin Ghana da ta 'yan sanda sun sha sanar da jama'a cewa ba su da dillali a ɗaukar ma'aikata, amma duk lokacin da aka buɗe ɗauka sai ka ji an sake damfarar wasu.

Mako uku sun ishe ka ka gyara abubuwa da yawa. Lissafin da ake tambaya bai cika wuce na sakandare ba: kaso cikin ɗari, rabo, da karanta jadawali. Abin da yake kayar da mutane agogo ne da gaggawa. Ga misali: buhun shinkafa a kasuwar Kejetia sidi 500 ne, aka ƙara kashi 20 cikin 100, daga baya aka rage kashi 20 cikin 100, nawa ya koma? Mai sauri zai ce 500, kuma zai tarar da wannan amsa tana jiransa a cikin zaɓin. Amsar 480 ce, domin ragin an yi shi ne a kan 600. A ɓangaren Turanci kuwa, ka amsa da abin da ke cikin nassin da aka ba ka kaɗai, ko da ka san wani abu daban a waje. Ka ware awa ɗaya kullum bayan sallar asuba, ka sa agogo a gabanka, sannan ka ba tambayoyin da ka faɗi lokaci fiye da waɗanda ka ci. Ka yi bitar a kan kwamfuta maimakon waya, ka karanta umarni ka ga ko ana rage maki a kan amsar kuskure, kuma tun yanzu ka nemi wurin da wuta da intanet ba za su yanke maka ba ran jarrabawa.

Shi kuwa mutumin, kada ka tura masa lambar shigarka jarrabawar ko hoton Ghana Card ɗinka, domin da irin wannan hoton ake karɓar bashi da sunan mutane. Idan ka riga ka tura masa wani abu, ka ajiye saƙonninku, ka kira Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana a lamba 292, sannan ka sanar da shugaban zauren domin ya cire shi.