Tambayi Likita: Gyaran Tsofaffin Tagogin Katako da Lafiyar Mutanen Gida

Da damina ta ɗauke, masu gidaje sukan tashi gyaran abin da ruwa ya ɓata, shi ya sa saƙonnin wannan mako da dama suka faɗo a kan katako da fenti da kafintoci. Na tsamo biyar daga ciki.

Assalamu alaikum Likita. Muna zaune a Kaduna, a wani tsohon gidan gwamnati da aka gina tun kafin samun 'yancin kai. Tagoginsa na katako ne, fenti a kan fenti, yanzu duk yana ɓarewa yana zuba. Mun kira kafintoci biyu. Ɗaya ya ce zai ƙona tsohon fentin da wutar gas ya bi shi da injin sanfefa, kwana biyu ya gama. Ɗayan dattijo ne, ya ce sai ya ciccire tagogin ya tafi da su, kuma sai mako biyu. Maigidana ya fi son na farko don ya fi sauƙin kuɗi. Ina da yara biyu, ɗan shekara biyu da 'yar shekara huɗu. An ce mini tsohon fenti yana da illa, gaskiya ne?

Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya ne, kuma ina roƙon ki ki nuna wa maigida wannan amsa kafin a ba kowa kuɗin kafin alƙalami.

A wancan zamani ana zuba dalma a fentin mai domin ya yi saurin bushewa, ya yi ƙarko, launinsa ya fito. Amurka ta hana amfani da irin wannan fenti a gidajen zama a 1978. A nan gida kuwa, binciken da aka yi a kan fentin mai da ake sayarwa a kasuwanninmu ya sha gano dalma mai yawa a cikinsa, musamman ruwan ɗorawa da ja da kore. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kira ga ƙasashe da kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fenti. Saboda haka tagar da aka yi shekara sittin ana shafa mata fenti, ki ɗauka akwai dalma a jikinta har sai gwaji ya nuna babu.

Muddin fentin yana manne a jikin katako, lafiyayye, hatsarinsa kaɗan ne. Matsala tana farawa idan ya zama gari. Taga kuwa ta fi ko'ina samar da garin nan, domin kullum ana buɗewa ana rufewa, katako yana gogar katako. Ki je ki shafa yatsa a dakalin tagar ɗakinki, ki duba lungun da ke ƙarƙashin marfin. Wannan farar ƙura mai haɗe da ɓarɓashin fenti, daidai tsayin ɗanki mai shekara biyu take. Yana dafa wurin ya leƙa waje, ya sauke hannu ya kai baki, ko ya ɗauki biskit da hannun. Wasu yaran har tauna ɓawon fentin suke yi don yana da ɗan zaƙi-zaƙi.

Jikin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, ƙwaƙwalwarsa kuma a lokacin take ginuwa. Mu 'yan Arewa mun ga ƙarshen abin da gubar dalma ke yi a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, inda yara fiye da 400 suka rasu sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Fentin taga ba kasafai yake kai yaro ga jijjiga da mutuwa irin haka ba. Nasa aikin a ɓoye yake yi: ƙarancin jini, rashin cin abinci, ciwon ciki da taurin bayan gida, yawan fushi, jinkirin magana, daga baya a kai yaro makaranta a ga karatu ya ƙi zama. Sau da yawa ma babu wata alama da uwa za ta gani. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɓarnar da dalma ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa, kuma babu wani ma'auninta a jini da aka tabbatar ba ya cutarwa.

To ki dubi abin da kafinta na farko ya ce zai yi. Wutar gas tana mayar da dalma hayaƙi, kowa a gidan ya shaƙa. Injin sanfefa a busasshen fenti kuma yana mayar da ita ƙura mai laushin da za ta shiga labule da katifa da darduma, ta sauka a ƙasar tsakar gida inda yara ke wasa, ta zauna shekaru. Aikin kwana biyu ne a wurinsa, ku kuma a bar ku da ƙurar.

Dattijon nan da ya ce zai cire tagogin ya tafi da su, ya kama hanya. Amma shi ma ki yi masa tambayoyi. Yaya zai cire fentin? Amsar da nake so ki ji ita ce zai jiƙa shi da ruwa ya kankare a hankali, ko ya shafa maganin narkar da fenti a fili inda iska ke kaɗawa. Firam ɗin da ke jikin bango, wanda ba ya ciruwa, zai shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa ciki da waje kafin ya taɓa shi? Ina zai zubar da abin da ya kankare? A ina shagonsa yake? Idan a zauren gidansa yake aiki, jikokinsa suna yawo, to an kwashe matsalar ne daga 'ya'yanki an kai wa na wani. Maigida ya nemi ya ga wata tsohuwar taga da ya taɓa gyarawa, ya buɗe ya rufe da hannunsa. Ƙwararre yana yanke inda ya ruɓe ne kawai ya dasa sabon katako irinsa, ya gyara zaman marfin yadda ba zai riƙa guga ba. Wanda bai iya ba foti zai cusa a ramin ya rufe da fenti, damina ɗaya ya tsage.

Ranar da za a yi aikin firam, yara su tafi gidan kaka. Kada su dawo sai an naɗe ledar, an goge ƙasa da dakalin taga da jiƙaƙƙen tsumma da omo, sau biyu, an zubar da tsumman. Ban da tsintsiya, tayar da ƙurar take yi. Sabon fentin da za a saya a duba gwangwaninsa, a nemi wanda aka rubuta babu dalma.

Tunda fentin ya daɗe yana zuba, ki kai yaran biyu wurin likitan yara a asibitin koyarwa ki nemi a auna dalma a jininsu. Idan ta kai 5 a ma'aunin da ake amfani da shi, a nemo inda take fitowa a kawar. Maganin da ke fitar da ita daga jiki sai ta yi yawa sosai ake ba da shi, wajen 45, kuma a hannun likita. Ki kula da abincinsu, nama da ƙwai da wake da zogale da madara, domin yaron da jininsa ya yi ƙasa ya fi tsotsar dalma. In kina sa musu kwalli ki dakata, shi ma ana yawan samun dalma a cikinsa.

Likita, ina zaune a Manchesta a Ingila, ina da ciki wata biyar. Gidan da muka saya tsoho ne, tagoginsa irin masu zamewa sama da ƙasa. Mijina yana so ya goge su da kansa kafin in haihu.

Allah ya raba lafiya, 'yar'uwa. Dalma tana ratsa mahaifa ta kai ga jariri, tana kuma iya jawo hawan jini ga mai ciki da haihuwa kafin lokaci. A Ingila gidajen da aka gina kafin shekarun 1960 su ne aka fi zargi, sai a 1992 aka hana sayar da fentin dalma ga jama'a. Ana samun kayan gwajin fenti a shagunan kayan gini, ku gwada har can ƙasan shafe-shafen, domin na sama yana iya zama sabo. In an samu, ko dai a ɗage aikin a rufe wurin da sabon fenti, ko a ɗauko wanda ya saba da tsofaffin tagogi kuma yana da injin da ke zuƙe ƙura, ke kuma ki bar gidan har a gama shara. Kada ki wanke kayan aikin maigida. Ki gaya wa ungozomarki a awo na gaba.

Ranka ya daɗe, ni kafinta ne a Kano, na fi shekara ashirin a sana'ar. Kwanan nan duk ranar da na yi aikin katakon obeche ko iroko sai atishawa da majina, da dare ƙirjina ya riƙa fito. Da na je ƙauye bikin salla sai na ji garau. Wani ya ce in riƙa shan madara bayan aiki.

Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Bayanin da ka yi ya yi daidai da asmar da sana'a ke jawowa: tana tashi in ana aiki, ta lafa in an huta. Obeche da iroko duka an san su da haka, iroko har ƙaiƙayin fata da kuraje yake sawa. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu take shiga, ba sa haɗuwa.

Ka je asibiti a auna ƙarfin numfashinka, ka faɗi sana'arka tun kafin a tambaye ka. Wataƙila a ba ka abin shaƙa iri biyu, na buɗe ƙirji nan take da na kullum mai hana tashin ciwon. Kada ka ji tsoron maganar mutane cewa in an fara ba a dainawa. Abin da ke lalata huhu shi ne a yi shekaru ana fama ba magani. Ƙyallen da kuke ɗaurawa a hanci ba ya tare ƙura mai laushi, ka nemi takunkumi mai lamba N95 ko FFP2 wanda ke kama fuska sosai. Yi aikin sanfefa a waje, iska tana bayanka. A yayyafa ruwa kafin a share shago.

Akwai abu ɗaya da ban so ka manta. Tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar hanci. Ba ta da yawa, amma kafintan da hancinsa ɗaya ya toshe ya ƙi buɗewa, ko yake yawan haɓo ta gefe guda, ya ga likitan kunne da hanci ba tare da jinkiri ba. Yaran shagonka kuma, su da ake bar wa sanfefa tun safe, su suka fi ka shaƙa. Ka saya musu takunkumin su ma.

Gara ta ci mana firam ɗin taga. Kafinta ya haɗa fiya-fiya da baƙin mai da kananzir ya shafe shi. Kwana uku ke nan ɗakin yana wari, ƙaramin ɗana yana amai.

Alhaji, a fitar da yaron daga ɗakin yanzu, a kai shi asibiti yau, a tafi da kwalbar abin da aka shafa. Fiya-fiya guba ce mai tashi a iska, tana shiga ta numfashi da ta fata. Alamominta su ne amai, zawo, dalalar miyau, gumi, ƙanƙancewar ƙwayar ido, rawar tsoka da sarƙewar numfashi. Akwai allurar da ke karya ta, atirofin, amma sai a asibiti. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai da gangan, domin in abin ya sarƙe shi ya shiga huhu ya fi muni. A cire kayan jikinsa a yi masa wanka da sabulu.

Kada kowa ya kwana a ɗakin. Baƙin mai na mota yana ɗauke da ƙarafa masu guba da sinadaran da ke jawo ciwon daji a fata, kuma ba ya bushewa sosai, yara za su yi ta shafa. Ni shawarata a cire wannan firam ɗin gaba ɗaya. Wanda za a kira a gaba ya fara neman ta inda garar ke hawowa da inda ruwa ke jiƙa bango, domin danshi ne ke kiranta. Akwai magungunan katako da aka yi don wannan aiki, masu rajista da bayani a jiki. A shafa su a waje, katakon ya bushe sarai kafin a kafa shi.

Na taka tsohuwar ƙusa lokacin da ake cire taga. Na wanke da fetur. Ya isa?

Bai isa ba, fetur ma ƙona naman yake yi. Wanke da ruwa mai yawa da sabulu. Ƙwayar cutar sarƙewar haƙora a ƙasa da kashin dabbobi take zama, kuma ramin ƙusa mai zurfi da ƙaramin baki shi ta fi so. Alamunta sukan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21. In allurar rigakafinka ta ƙarshe ta wuce shekara biyar, ko ba ka tuna ba, je a yi maka yau. Wanda bai taɓa yi ba yana buƙatar ƙarin wata allurar ta kariyar gaggawa. Mai ciwon suga kuwa ya nuna wa likita ƙafar ko da ba ta ciwo.

Saura kaɗan in manta da wata tambaya da ta shigo ta bayan fage daga Zariya, ta wani da ke son cire tagogin katako na ɗakin mahaifiyarsa ya sa na alminiyam masu zamewa saboda sauro. Malam, taga mai zamewa rabinta kawai ke buɗewa, gilashinta kuma yana shigo da zafin rana. Ta katako tana buɗewa gaba ɗaya, in an rufe ta tare rana. Ga tsohuwa a watan Afrilu wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Sauro kuwa raga ce maganinsa. An gwada a Gambiya, gidajen da aka sa wa raga sauron da ke shiga ya ragu da kusan rabi, ƙarancin jini a yara ma ya ragu. Ka sa kafinta ya yi wa ragar firam nata daban mai ciruwa don a riƙa wankewa, ya toshe tazarar da ke tsakanin katako da bango, Hajiya kuma ta ci gaba da kwana a gidan sauro. In sanyi ya shigo aka kai mata kaskon gawayi, a bar taga ɗaya a buɗe, kuma a fitar da kaskon kafin ta yi barci.