Me ya sa waya ɗaya ke katse intanet ɗin ƙasa guda, alhali ga tauraron ɗan adam?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji labarin wata ƙasa a tsakiyar teku da ta yi makonni ba intanet saboda waya ɗaya ta tsinke. Ni a sanina intanet ta sama take zuwa, ta tauraron ɗan adam. To yaya waya guda za ta jefa ƙasa sukutum cikin duhu? Kuma me ya hana irin waɗannan ƙasashe su koma tauraro gaba ɗaya su huta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ba kai kaɗai ke wannan zato ba, domin wayar da ke hannunmu ba ta da igiya. Amma daga hasumiyar sadarwa zuwa gaba, waya ce ke ɗaukar saƙon. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na bayanan da ke tsallaka tekuna suna bi ne ta wayoyin gilashi da aka shimfiɗa a ƙasan teku, kuma a wurare masu zurfi kaurin wayar bai wuce na tiyon ban ruwa ba.

Ƙasar da ka ji labarinta ita ce Tonga, a kudancin Tekun Fasifik. Tsibirai ne kusan 170, mutanenta kuwa dubu ɗari da 'yan kai. A 2013 aka haɗa ta da Fiji da waya mai tsawon kilomita 827, aikin da ya ci fiye da dala miliyan 30, akasari daga Bankin Duniya da Bankin Raya Asiya. A lokacin ita ce tilo da ta haɗa ƙasar da waje. Ranar 15 ga Janairun 2022 wani dutse mai aman wuta da ke ƙarƙashin teku, Hunga Tonga-Hunga Ha'apai, ya fashe. Toka da duwatsu suka gangara ta ƙasan teku da gudu, suka tsinka wayar, suka binne gomman kilomitoci daga cikinta. A daidai lokacin da igiyar ruwa ta afka wa gidaje, toka ta gurɓata ruwan sha, mutane suka kasa ko gaya wa 'yan'uwansu na waje cewa suna raye. Kuma ka sani, gidaje da yawa a Tonga da kuɗin da 'ya'yansu ke turowa daga New Zealand da Ostireliya da Amurka suke cefane. Da layi ya ɗauke, aiken ma ya tsaya.

Gyaran ya ɗauki kimanin makonni biyar, kuma ba sakaci ne ya jawo ba. Jiragen ruwan da ke wannan aiki kaɗan ne a duniya. Wanda ya je Tonga, Reliance, daga Papua New Guinea ya taso, tafiyar dubban kilomitoci. In jirgi ya isa, sai ya saki ƙugiya tana jan ƙasan teku har ta kamo wayar, a ɗago bakin da ya tsinke, a ɗaure shi da abin da zai riƙe shi a saman ruwa, a koma neman ɗaya bakin. Sannan ma'aikata su zauna cikin jirgi suna haɗa zaren gilashi ɗaya bayan ɗaya, kowanne siririnsa kamar gashi, jirgi na ta rawa a kan ruwa. Wayar cikin gida kuwa, mai zuwa tsibiran Vava'u da Ha'apai, sai a 2023 aka gyara ta, domin sai da aka jira aka ƙera sabuwa.

Batun tauraro, ai shi ya cece su a waɗannan makonni, amma ceton ɗan kaɗan ne. Tsofaffin taurarin sadarwa suna nisan kilomita kusan 36,000 daga ƙasa. Kafin saƙo ya hau ya sauko, amsa ta dawo, an ci fiye da rabin daƙiƙa, ga tsada, ga ƙarancin abin da suke iya ɗauka, kuma ruwan sama mai ƙarfi na raunana su. Sababbi irin na Starlink suna shawagi ne a kimanin kilomita 550, don haka sun fi sauri nesa ba kusa ba, kuma sun sauya rayuwar ƙauyukan da waya ba za ta taɓa kaiwa ba. Sai dai kowane mai amfani da su na buƙatar faranti, da lantarki mai ɗorewa, da kuɗin wata wanda ya fi ƙarfin mai kamun kifi. A ganina, ƙasar da ta jingina bankunanta da asibitocinta a kan kamfani ɗaya na ƙetare ba ta fita daga haɗari ba.

Tushen matsalar lissafi ne. Kuɗin shimfiɗa waya duk ɗaya ne ko mutum miliyan ashirin ke bakinta ko dubu biyar, shi ya sa 'yan kasuwa ba sa zuwa ƙananan tsibirai da kansu. Tsibirin Saint Helena, mai mutane ƙasa da dubu biyar, sai a 2023 ya fara amfani da waya, ita ma reshe ce daga babbar wayar teku mai suna Equiano ta kamfanin Google, wadda ta sauka a Legas a 2022.

Mu ma mun ɗanɗana. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka lalace a tekun da ke kusa da Kwaddibuwa, bankuna suka rikice a Najeriya da Ghana. Abin da ya sa ba mu yi makonni a rufe ba shi ne akwai wasu wayoyin da aka karkatar da zirga-zirga kansu. Tonga kuwa a 2022 ba ta da inda za ta karkata, kuma ko a 2019 wayar ta taɓa tsinkewa na kusan makonni biyu. Shi ya sa na ji daɗi da Ostireliya da New Zealand suka amince su biya kuɗin waya ta biyu, wadda aka tsara ta sauka a Vava'u, nesa da hanyar ta farko.