Ɗana ya ajiye hula ya koma ƙananan kaya: ya halatta in ƙone su?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah shi gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne, ina zaune Mabera cikin garin Sakkwato. Ina da yaro ɗan shekara 16. Tun shina ƙarami ni ka kai shi wurin tela, duk abin da na zaɓa shi za ya saka, har anko muke yi da shi ranar Sallah. Tun bara ya canza. Shina koyon gyaran waya, ɗan abin da ya samu sai ya kai ma 'yan gwanjo ya kwaso wandunan jins da rigunan ƙwallo. Hula sai ranar Juma'a, ita ma sai na yi tsawa. Askinsa kuwa ba ya da kyan gani. Satin da ya wuce raina ya ɓaci, na tara kayan tsakar gida zan cinna musu wuta, uwarsa ta riƙe ni. Ga ƙanwarsa 'yar shekara 12 ita ma ta fara cewa ba ta son launin hijabin da nike saye mata. Malam, wanga abu ba koyi da kafirai ne ba? Ya halatta in ƙone kayan, kuma in tilasta shi sa manyan kaya?

Daga wani uba, Mabera.

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Alhaji, Allah Ya saka wa uwar yaron nan da alheri da ta riƙe hannunka. Bai halatta ka ƙone kayan ba. A cikin abin da ka lissafa akwai wanda wajibi ne ka hana, akwai wanda in ka umarta wajibi ne ya bi ka, akwai kuma wanda nasa ne, babu ruwan shari'a da shi. Ɓacin rai ne ya sa ka ƙulle su duka a ƙunshi ɗaya.

Tufafi yana cikin babin al'ada, asalinsa halal ne har sai dalili ya zo da hani. A Suratul A'araf, aya ta 26, Allah Ya ce Ya saukar wa 'yan Adam tufafin da zai rufe tsiraicinsu, da kuma “rishan”, wato ado. Ka lura, an ambaci adon a matsayin ni'ima, kafaɗa da kafaɗa da suturar. A aya ta 32 kuma Ya yi tambaya ta inkari a kan wanda ya haramta adon da Allah Ya fitar wa bayinsa. A Sahihu Muslim, da wani ya ce mutum yana son rigarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau, Annabi (SAW) bai kwaɓe shi ba, cewa ya yi Allah Mai kyau ne, Yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane.

Sai maganar koyi da kafirai, wadda na ga ita ta fi ci maka rai. Hadisin da ya ce wanda ya yi kama da wasu mutane yana cikinsu yana nan a Sunan Abi Dawud, ba mu jayayya da shi. Abin tambaya shi ne wace kama ake nufi. Mugira ɗan Shu'uba ya ba da labarin cewa a tafiyar Tabuka Annabi (SAW) ya sa jubba ta Rumawa mai ƙuntataccen hannu, har da ya zo alwala hannun ya ƙi naɗuwa, sai da ya fito da hannayensa ta ƙarƙashinta. Rumawan lokacin Kiristoci ne. An tambayi Imamu Malik game da burnusi, riga mai haɗe da hula irin alkyabba, ya ce babu laifi. Aka ce masa ai tufar Nasara ce, ya ce ai ana sa ta a nan. Ibnu Hajar ma ya yi bayani a Fathul Bari cewa tufar da ta kasance alamar wasu mutane, in zamani ya juya ta daina zama alamarsu, ta koma cikin halal na gama-gari. Wandon jins a yau Musulmin Masar yana sa shi, na Indonesiya yana sa shi, ba wanda zai gan shi a jikin mutum ya ce wannan ɗan addini kaza ne. In kuwa don ya fito daga Turai ne, to shaddar gezna da muke alfahari da ita a ƙasar Ostiriya ake saƙa ta, atamfar da matanmu suka fi daraja sunan Holan take amsawa.

Inda hadisin yake kama yaronka shi ne rigar ƙwallo, in akwai abin da bai dace ba a jikinta. Tambarin wasu ƙungiyoyin Turai yana ɗauke da gicciye, na Barcelona misali ne a fili, wasu rigunan kuma tallan kamfanin caca ko na giya ne shimfiɗe a ƙirjinsu. Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) ba ya barin wani abu mai siffar gicciye a gidansa face ya warware shi. Wannan ka hana, kuma kana da lada. Amma gyaransa aikin tela ne na 'yan mintoci: a ɓanɓare tambarin ko a rufe shi. Wadda ba ta gyaruwa a yanka ta a yi tsumman goge-goge a shago.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan shekarunsa, don a nan ne iyaye da yawa suke kuskuren karatu. Ƙaramin yaro da idon ubansa yake ganin kansa. In ka ce ya yi kyau, ya yi kyau ke nan, shi ya sa anko da kai ya zama masa abin murna. Da ya doshi balaga sai idanun da yake duba kansa da su su ƙaru, na abokai, na 'yan ajinsu, na abin da yake gani a wayoyin da yake gyarawa, har da na 'yan matan unguwa, ko da ba zai faɗa maka ba. Sai ya shiga gwaji. Yau wannan, gobe wancan, rabinsu shi da kansa zai ji kunyar tuna su nan da shekara 10. Shari'a ta san da wannan hawa-hawa. Ta ce a umarci yaro da sallah yana ɗan shekara 7, a tsananta a 10, a raba musu makwanci. Suratun Nur ta koya wa yara neman izini a lokuta uku, sa'annan ta ce in sun balaga su nemi izini irin na manya. A mazhabarmu balaga tana tabbata da alamominta, in babu ko ɗaya sai an cika shekara 18, kamar yadda Shehu Halilu ya kawo a Mukhtasar. Ɗan shekara 16 galibi ya riga ya shiga sahun waɗanda alƙalami yake rubuta musu. To wanda Allah Ya damƙa wa amanar sallarsa da azuminsa da wankan janabarsa, ina ganin bai yi yawa ba a damƙa masa zaɓen launin rigarsa. Yaron da ba a taɓa bari ya zaɓa a gaban ubansa ba, ranar da ya tafi jami'a ko ci-rani zai zaɓa a bayan idonsa, ba kuma mai gyara masa.

Mu ma da muke faɗa, a buɗe akwatin tsofaffin hotuna. Samarin shekarun 1970 sun sa wando mai faɗin ƙafa yana sharar ƙasa, da takalmi mai tudu, ga suma kamar kwando. Yau su ne limamai da masu unguwanni, da farar shadda da carbi. Ban kawo wannan don in ce a saki yara sakaka ba, na kawo ne don ka san abin da kake gani mataki ne, ba nan zai tsaya ba.

Abin da ba sassauci a cikinsa shi ne al'aura. Ta namiji daga cibiya zuwa gwiwa take. Wandon da aka zazzago ƙasa da ƙugu har in ya yi sujada bayansa ya buɗe, wannan yana iya taɓa ingancin sallarsa, ba zancen ado ba ne kuma. Haka wanda aka yayyage a cinya da gangan. Matsattsen da yake fitar da surar al'aura ba tare da nuna fata ba, malamanmu suna kiransa “muhaddid”, hukuncinsa karhanci ne, a sallah da wajenta. Zinariya da tsantsar alharini haramun ne ga maza. Sarƙar wuya da ɗan kunne, a al'adarmu kayan mata ne, kuma hadisin Ibnu Abbas a Bukhari ya zo da la'ana a kan namijin da yake kamanta kansa da mata. Askin da ka ambata, in irin wanda ake kwashe wani sashe ƙwal a bar wani ne, shi ne “ƙaza'u” da aka hana a hadisin Ibnu Umar, kuma malamai sun ɗauke shi a kan karhanci. In rage tsawo ne kawai a gefe ba a kai ga fata ba, da sauƙi. Kada mu manta zanko da tukku da kakanninmu suka riƙa bar wa yara su ma ƙaza'u ne, ba daga Turai aka kawo su ba.

Ma'aunin nan fa yana hawa kan manyan kaya kamar yadda yake hawa kan ƙanana. Wandon shadda da yake jan ƙasa don taƙama ya fi kusa da narkon da ya zo a hadisi fiye da jins ɗin da ya tsaya a idon sawu. Saurayin da zai ci bashi don ɗinkin Sallah mai aiki har ciki, don a ce wane ya fito, ya shiga almubazzaranci da tufar neman suna, alhali ɗan gwanjonka bai shiga ba.

Hula ita ce wurin da nake tare da kai, amma ba ta ƙofar da ka shigo ba. Sallar wanda bai sa hula ba ingantacciya ce, barinta ba zunubi ba ne a kan kansa. Sai dai Imamu Shaɗibi, a Muwafaƙat, da barin kai a buɗe ya buga misalin hukuncin da yake bin al'ada: ya ce abin ƙi ne ga masu mutunci a ƙasashen gabas, ba abin ƙi ba ne a ƙasashen Magrib, don haka hukuncin yake saɓawa daga wuri zuwa wuri. To mu a Sakkwato muke. Garin nan ya san nauyin abin da ake ɗorawa a ka, tun da cikin dokokin da Sarkin Gobir Nafata ya kafa wa jama'ar Shehu Usmanu, kafin hijira zuwa Gudu a 1804, har da hana maza naɗa rawani da hana mata lulluɓi. Har gobe saurayin da ya shiga gaban manya, ko wurin ɗaurin aure, ko zaman ta'aziyya da kai a buɗe, za a ce ba shi da kunya, a kuma tambayi ɗan gidan wa ne. Saboda haka in ka umarce shi da hula da kaftani a Juma'a, da Idi, da irin waɗannan wurare, umarni ne da abin da yake halal, mai manufa, ba cutarwa a ciki, biyayya ta wajaba a kansa. Ka faɗa masa haka daga bakina. Amma a bencin gyaran waya, ko filin ƙwallo, a zafin Afrilu da yake haura digiri 40, bar shi ya sha iska. Ka kuma tuna kai kanka ba rawanin jama'ar Shehu kake naɗawa zuwa kasuwa ba, hular zanna kake sawa, wadda sunanta ma ya nuna daga Borno ta zo. Al'adar tana motsi, a hankali dai take yi.

Game da ƙonawa, na san wani zai kawo maka hadisin Abdullahi ɗan Amru a Sahihu Muslim, inda Annabi (SAW) ya gan shi da tufafi biyu rinannu da usfur, wani rini mai launin ja-ja da ake samu daga furen tsiro, ya ce ya ƙone su. Malamai sun fassara wannan da tsawatarwa mai tsanani. A riwayar Abu Dawud kuwa, da Abdullahi ya jefa irin wannan tufa a tanderu ya zo ya ba da labari, sai Annabi (SAW) ya ce masa me ya hana ya ba wata daga cikin iyalinsa, ai babu laifi ga mata. Ga kuma hanin tozarta dukiya da ya tabbata a Bukhari. Kayan nan da guminsa ya saye su, mallakarsa ne, mafi yawansu kuma halal ne. Kuɗinka kana da iko da su, ba dole ka saya masa abin da ba ka so ba. Nasa kuwa, iyakarka ka hana haram ɗin ciki. Abin da na fi ji maka tsoro ma ya wuce wutar, shi ne bakinka. Hadisin Jabir a Muslim ya hana mu yi wa 'ya'yanmu mummunar addu'a, kada ta dace da sa'ar karɓa. Kada wandon gwanjo ya sa ka furta kalmar da za ta bi shi har tsufa.

Ita kuwa ƙanwar, al'amarinta mai sauƙi ne. Shari'a ta sa wa suturar mace sharuɗɗa, ta rufe, ta yalwata, kada ta zama shara-shara, amma ba ta yanke mata launi ɗaya ba. Bukhari ya ruwaito cewa an kawo wa Annabi (SAW) tufafi, ciki da wata ƙaramar baƙar riga mai zane kore ko rawaya, ya sa aka ɗauko masa yarinya Ummu Khalid, ya sa mata da hannunsa, yana nuna zanen yana cewa “sanah, sanah”, wato kyakkyawa da harshen Habasha, ƙasar da aka haife ta. Yarinyar da ta ce ba ta son launin hijabi ba ta ce ba ta son hijabi ba. Ka ba uwarta kuɗin su je kasuwa tare ta zaɓa, muddin bai zama mai ƙyalƙyalin jan ido ba.

Shi ma yaron haka za ka yi da shi. Ku zauna ku baje kayan nan da ka tara, ku ware su tare: wannan ya wuce, wannan sai tela ya taɓa shi, wannan ba ya shiga masallaci. In ɗinkin Sallah ya zo, ka kai shi Babbar Kasuwa ka tsaya gefe, shi ya nuna yadin, shi ya gaya wa tela irin wuyan da yake so da tsawon rigar, kai kuma ka riƙe magana ɗaya, faɗin wando da inda zai tsaya. Hular ma bar shi ya zaɓi tasa, ko da launinta bai yi maka ba.

Wallahu a'alam.