Minsharin maigida: ki saurara da kyau kafin ki nemi magani

'Yar'uwa, kin ce minsharin maigidanki ya kore ki zuwa ɗakin yara, kina tambaya ko akwai magani. Ni ma mai minshari ne tun ina saurayi. Lokacin zafi, in muka kwana a tsakar gida nan Tahoua, har maƙwabta na bayan katanga suna jina. Da safe a yi mini ba'a, ni kuwa in rantse ƙarya ake mini.

Minshari ba iri ɗaya ba ne. Akwai na gurnani kawai: barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro ya saki, harshe ya koma baya, iska na wucewa ta matsattsiyar hanya tana kaɗa shi. Irin wannan minsharin, ana rage shi da dabara. Uwargidana ta ɗinka aljihu a bayan rigar barcina ta sa goruba ɗaya a ciki. Da na juya rigingine sai ta tokare ni, in koma gefe. Sati biyu na yi ina jin haushinta, daga baya jiki ya saba. Mun kuma ɗaga kan gadon da bulo. In hunturu ya shigo ƙura ta toshe hanci, ruwan gishirin da ake saidawa a farmasi nake ɗigawa kafin in kwanta.

Abin da ya fi ba ni wuyar bari shi ne shayin fada. Zagaye ukun nan bayan isha'i, ga goro, ga tuwo mai nauyi. Sinadarin da ke cikin shayi yakan kai awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka na maido shayina bayan azahar. Sigari ma na kumbura maƙogwaro. Ƙwayar barci kuwa ƙara sakin naman take yi, kar ki yarda ya saya a tebur.

Minshari iri na biyu shi ne abin tsoro, kuma ke ce za ki fi saurin gano shi. Ki zauna dare ɗaya ki saurara. In yana minshari sai ya yi tsit, daƙiƙa 10 ko fiye, sannan ya zabura yana jan numfashi kamar wanda aka shaƙe, to numfashin ne ke yankewa. Nawa haka ya koma da na yi ƙiba. Ina tashi da ciwon kai, baki a bushe, ina gyangyaɗi a wurin aiki. Wata rana a hanyar Konni, wajen Badagishiri, ido ya rufe mini ina tuƙi, ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya ce ta farkar da ni. A satin na tafi Niamey wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Ya auna wuyana, ya ce namiji in ya wuce santimita 43 akwai haɗari, ya kuma gano ina da hawan jini, wanda sau da yawa tare suke tafiya. Na sauke kilo 9 da tafiyar ƙafa bayan sallar asuba, abin ya yi sauƙi ƙwarai. Wasu sai an haɗa su da na'urar da ke hura iska ta hanci duk dare.

Za a ce ki kai shi wurin wanzami a cire beli. Wani abokina ya yi, ya sha zubar jini, minsharin yana nan.

Maza ba mu cika yarda ba sai mun ji da kunnenmu. Ki ɗauki sautin da salula, ki kunna masa ku biyu kawai, ba gaban yara ba, sannan ku tafi da shi wurin likita.