Fiffike, Fikafikai da Tururuwar da Ta Tashi Lalacewa

TAMBAYA: Malam, ni malamin firamare ne a Gangare, cikin garin Jos. Ɗalibaina suna rubuta fiffike, wasu fuffuke, wasu kuma fukafuki, har na rasa wanda zan yi wa jan alƙalami. Wanne ne daidai? Sannan mene ne ma'anar karin maganar da ake cewa in tururuwa ta tashi lalacewa sai ta yi fiffike?

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri, amma ka sassauta wa jan alƙalamin nan. A daidaitacciyar Hausa fiffike ne tilo, jam'insa kuma fikafikai. Fuffuke da fukafukai ba kuskure ba ne, musanyar wasalin "i" da "u" ce irin wadda muke ji a biki da buki, ko fushi da fishi. Fukafuki ma ya zauna a bakin jama'a, musamman idan ana maganar jirgin sama. A jarrabawa dai ina ganin ya fi kyau yaro ya riƙe fiffike da fikafikai.

Kalmar tana da abokan tafiya. Tsuntsu yana kaɗa fikafikai idan zai tashi, yana ware su idan ya samu iska, shirwa kuwa idan ta daina kaɗawa tana kewaya sama tana hangen 'yan tsaki, shawagi take yi. Abin da ya lulluɓe fiffiken gashi muke ce masa, shi ya sa ake fige kaza, shi ya sa kuma mai kiwon tattabaru yake rage wa sabuwar tattabara dogayen gashin fiffike har ta saba da gida.

Karin maganar kuwa, duk wanda ya zauna a Jos a farkon damina ya ga fassararta da idonsa. Bayan ruwan farko, da magariba, sai ka ga shinge, wato gara mai fiffike, ya yi dafifi a jikin fitilar ƙofar gida, yara suna tara shi a kwano mai ruwa. Kafin gari ya waye fikafikan sun zube a ƙasa kamar ƙaiƙayi, kaji da ƙadangaru suna ta wawaso. Tururuwa ma haka take: waɗanda za su hayayyafa ne suke fitar da fiffike su bar rami, kuma mazan ba sa daɗewa bayan wannan tashi. Bahaushe ya lura cewa ƙwaron da yake cikin aminci a ƙarƙashin ƙasa, ranar da ya samu abin tashi ranar ya shiga bakin tsuntsu. Don haka ake faɗa wa wanda ya samu ɗan abin hannu ko muƙami ya fara raina na gaba da shi. Gargaɗi ne, ba a yi wa mutum kirari da shi.

A wajen malamai kuma kalmar tana da wata fuska. A aya ta 24 ta Suratul Isra'i an umarci ɗa ya sassauta wa iyayensa fiffiken ƙanƙan da kai, wato ya rusuna musu cikin tausayi, kamar yadda tsuntsu yake sauke fikafikansa. Aya ta farko ta Suratu Faɗir ta ambaci mala'iku masu fikafikai bibbiyu da uku-uku da hurhuɗu. Sahabi Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, wanda ya rasa hannayensa biyu ya yi shahada a yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, ana yi masa laƙabi da mai fikafikai biyu.

Abin da za ka hana ɗalibanka shi ne irin fassarar da nakan ci karo da ita, wai "fiffiken matasa na jam'iyya" ko "fiffiken dama na asibiti". Jam'iyya reshe take da shi, gini kuma ɓangare ko sashe, mai buga ƙwallo ta gefen fili kuwa ɗan wasan gefe ne.