Me ya sa :not() na CSS bai tsame abin da na ce ya tsame ba?

Ɗan'uwa, ka ce ka rubuta akwati.querySelectorAll(":not(.tsoho) p"), amma sakin layin (wato p) da ke cikin .tsoho ma sun fito. Haka yake aiki. Ana auna sharaɗin ne da shafin gaba ɗaya, sannan a miƙo maka waɗanda ke cikin akwati. Kuma kaka ɗaya tak (wato element da p ke cikinsa) da ba shi da .tsoho ya isa, ko da body ne ko html, ga su can sama.

Shigar da korewar kan p ɗin kansa: p:not(.tsoho p). Chrome ya karɓi wannan tun siga ta 88. In kuwa 'ya'yan akwati na kai tsaye kake nufi, fara da :scope > sannan sauran.