Ba 'yan sanda kayan yaƙi yana rage laifi?

Ka tambaya ko ba 'yan sanda motocin sulke da manyan bindigogi irin na soja yana kawo zaman lafiya a unguwanni. Gaskiya ba ya kawowa shi kaɗai. Amurka ta daɗe a kan wannan hanya: tun 1997, a ƙarƙashin shirin 1033, ma'aikatar tsaro ke miƙa wa 'yan sandan garuruwa rarar kayan soja. A 2014, bayan wani ɗan sanda ya harbe matashi baƙar fata Michael Brown har lahira a garin Ferguson, duniya ta ga motocin sulke sun tsaya gaban masu zanga-zanga, har Obama ya taƙaita shirin a 2015, Trump kuma ya dawo da shi a 2017. A Brazil abin ya fi tayar da hankali. Samamen da 'yan sanda suka kai unguwar Jacarezinho a birnin Rio, cikin Mayun 2021, ya ci rayuka 28, amma 'yan fataucin ƙwaya ba su bar unguwar ba.

Inda kawai na yarda da irin wannan ƙarfi shi ne idan gungun ɓarayi na ɗauke da muggan makamai, kuma akwai wata hukuma daban da za ta binciki duk harbin da aka yi. Abin da na lura da shi, duk unguwar da aka saba fasa ƙofofinta da tsakar dare, mutanenta sukan kama bakinsu. Uwar da aka ja ɗanta ba laifin komai ba za ta sake kai rahoton ɓarawo ofishin 'yan sanda ba, ko da ta san gidansa.